Biyayya ga Allah: Tambayoyin Masu Bi da Amsoshinsu

A yawancin majami'un arewacin Kamaru da Fulatanci ko Faransanci ko yaren gari ake sujada, amma masu jin Hausa ma ba kaɗan ba ne. Akwai 'yan kasuwar Garwa da Marwa da Ngaundare, akwai masu kai da komowa ta kan iyakar Mubi, ga kuma 'yan'uwanmu na yankin Gwoza da rikicin Boko Haram ya koro zuwa sansanin Minawawo, kusa da Mokolo, tun daga 2013. Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da zumuntar mata da taron matasa. Na bar su yadda ake yin su, da zafinsu.

Malam, in ta wurin alheri aka cece mu, me ya kawo zancen biyayya kuma?

A kan wannan tambaya sauran duka suke rataye, don haka zan ɗan daɗe a nan. Gaskiya ne ba a sayen ceto. Manzo Bulus ya faɗa ƙarara a Afisawa 2:8-9 cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, don kada kowa ya yi fahariya. Matsalar ita ce yawancinmu a nan muke rufe littafin. Aya ta 10 tana biye, tana cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi.

Haka tsarin yake tun Tsohon Alkawari. Kafin Allah ya ba Isra'ilawa ko ɗaya daga cikin Dokoki Goma a Dutsen Sinai, sai da ya tuna musu cewa shi ne ya fisshe su daga bauta a Masar (Fitowa 20:2). Sai da ya raba musu teku suka haye, sannan doka ta zo.

Dubi mutum biyu a gonar auduga lokacin cira. Ɗaya ɗan ƙwadago ne, idonsa na kan rana, yana lissafin abin da za a danƙa masa da yamma, in kuwa ba a biya shi ba gobe ba za ka ga ƙeyarsa ba. Ɗayan ɗan gidan ne. Wataƙila ma ya fi shan wahala, amma ba aikin ne ya mai da shi ɗa ba, kuma ranar da ya yi zazzaɓi ya kwanta ba a cire shi daga gadon gidan. Biyayyar Kirista irin ta ɗan gidan ce. Yesu ya ce wanda yake ƙaunarsa zai kiyaye umarnansa (Yahaya 14:15), Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce (Yakubu 2:26). Ikilisiyoyin Lutheran da suka kafu a wannan yanki tun shekarun 1920, a Yagwa da Ngaundare, ba wanda ya kai su nanata "alheri kaɗai", amma ko su ba su taɓa koyar da cewa wanda aka gafarta wa ya samu izinin yin abin da ya ga dama ba.

Dokokin sun yi yawa. Wanne zan bi, wanne zan bari?

An yi wa Yesu tambaya mai kama da wannan, ya taƙaita duka cikin biyu: ka ƙaunaci Allah da dukan zuciyarka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka (Matiyu 22:37-40). Dokokin hadaya da na kaciya sun cika a cikin Almasihu, shi ya sa taron manzanni a Urushalima bai ɗora wa al'ummai kaciya ba (Ayyukan Manzanni 15). Amma kada ka yi sata, kada ka yi zina, kada ka yi shaidar zur, waɗannan suna nan daram. A ganina ba yawan dokoki ne ya fi damun mutane ba. Kusan kowa ya san abu guda da ya kamata ya daina tun bara.

Ina ba da zakka da baiko, ba na fashin sujada, ina azumi. Wannan bai isa biyayya ba?

Karanta 1 Sama'ila 15, ka karanta shi a hankali. Allah ya ba Sarki Saul umarni game da Amalekawa, Saul ya cika wani ɓangare, ya bar Agag sarkinsu da rai, ya kuma ware tumaki da shanu mafi kyau. Da annabi Sama'ila ya iso, Saul ya tare shi da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya tambaye shi, to kukan tumakin nan da nake ji fa? Nan take Saul ya samo amsa mai kamar ta ibada, wai an bar su ne don a miƙa wa Ubangiji hadaya. A nan ne Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya (aya ta 22).

Abu biyu nake so a lura da su. Na farko, Saul bai ƙi umarnin gaba ɗaya ba, zaɓe ya yi, ya bi abin da bai taɓa aljihunsa ba. Na biyu, da aka matsa masa ya faɗi ainihin dalilin a aya ta 24: tsoron jama'a ya ji, ya bi maganarsu. Sau da yawa abin da ke hana mu bin Allah ke nan, "me mutane za su ce".

Baiko abu ne mai kyau, kada wani ya ce Malam ya hana. Amma ana iya zuba kuɗi a kwanon baiko don a toshe bakin lamiri. Mutum ya riƙe gonar marayun ɗan'uwansa, ranar godiyar kaka ya shigo da buhun dawa a ka ana guɗa. Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ajiye baikon, je ka shirya da shi tukuna (Matiyu 5:23-24).

Ni ɗan kasuwa ne. In na tsaya a kan gaskiya zalla, ai jarin zai karye.

Ban raina wannan magana ba, don na san yadda riba ta ƙanƙance. Amma Littafi Mai Tsarki bai bar kasuwa a wajen ƙofar majami'a ba. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Annabi Amos ya kwatanta 'yan kasuwar zamaninsa suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumfa, suna rage mudu, har sharar alkama suna haɗawa su sayar (Amos 8:5-6). Kamar dai ya zaga kasuwanninmu.

Mu ma mun san namu. Mudun awo biyu, na saye daban, na sayarwa an buge masa gindi. Buhun albasa manya a baki, ruɓaɓɓu a ƙasa. Yayyafa wa auduga ruwa kafin a kai sikeli. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da aka sirka da kananzir, ɗan acaɓa ya saya injinsa ya buga. Ga kuma riƙe kuɗin 'yan ƙwadago, wanda Yakubu 5:4 ya ce kukansa yana kaiwa kunnen Ubangiji. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14). Kirista jandarma ko ɗan duwan, wato kwastan, da ke tsaye a shingen hanya, da shi ake.

Ba zan yi maka alkawarin cewa ribarka ba za ta ragu ba. Tana iya raguwa. Abin da na sani shi ne maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda addininsu ma ya hana tauye mudu, ba sa shigowa su ji wa'azin Lahadi, amma suna sayen hatsi a rumfarka ran kasuwa.

Hausawa sun ce bin na gaba bin Allah. To, duk abin da hukuma ta ce sai mu bi?

Karin maganar tana da gaskiyarta. Romawa 13:1-7 ta ce mu yi biyayya ga mahukunta, mu biya haraji, mu girmama wanda ya cancanci girma, kuma Bulus ya rubuta wannan ne a zamanin Nero, wanda ba wanda zai kira shi mai tsoron Allah. Saboda haka Kirista ba ya raina lamiɗo ko jauro ko gwamna, ba ya kuma fakewa da addini don ya guje wa haraji.

Sai dai bin na gaba yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce inda na gaban ya ce ka saɓa wa Allah. Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, sun ƙi kashe jarirai maza duk da umarnin Fir'auna (Fitowa 1). Shadrak da Meshak da Abednego sun ƙi rusuna wa gunkin Nebukadnezzar. Daniyel ya ci gaba da addu'a sau uku a rana bayan dokar kwana 30 da Dariyus ya sa wa hannu. Bitrus da manzanni suka ce wa majalisa wajibi ne su bi Allah fiye da mutum (Ayyukan Manzanni 5:29).

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Cadi, daga 1973, Shugaba Tombalbaye ya ƙaddamar da shirin komawa al'adun gargajiya. Aka sauya sunan Fort-Lamy zuwa Njamena, shi kansa ya ajiye sunan François ya ɗauki Ngarta, aka kuma tilasta wa ma'aikata da sauran mazajen kudu shiga yondo, wato tsafin balaga na ƙabilar Sara. Kiristoci da dama sun ga akwai abin da bangaskiyarsu ba ta yarda da shi ba a ciki, suka ƙi. Aka rufe majami'u, aka kori 'yan mishan, aka kashe wasu fastoci da masu bi. Abin bai lafa ba sai da sojoji suka kifar da gwamnatin a watan Afrilun 1975.

A duba yadda mutanen Littafi suka ƙi. Daniyel bai zagi sarki ba, abokansa uku ba su tara 'yan daba ba. Sun faɗi abin da ba za su yi ba, cikin ladabi, suka tsaya suka karɓi abin da ya biyo baya.

Baba, mahaifina ya ce in ban zo an yi yanka a wurin tsafin gidanmu ba, ba shi ba ni. Ina biyayya ga iyaye?

Ɗana, wannan da ciwo, kuma ba kai kaɗai ba ne, musamman a ƙauyukan Duwatsun Mandara. Girmama iyaye yana cikin Dokoki Goma, Yesu kansa ya yi wa Yusufu da Maryamu biyayya a Nazarat (Luka 2:51). Amma Afisawa 6:1 ta ce 'ya'ya su yi biyayya "cikin Ubangiji". Yankan ba za ka yi ba.

Abin da ya rage shi ne yadda za ka ƙi. Kada ka aika saƙo ta waya. Je da kanka, ka durƙusa, ka tafi da kawu ko wani dattijo da mahaifinka yake jin nauyinsa. Bayan haka ka fi kowa a gidan kula da shi: noman gonarsa, kuɗin maganinsa, rufin ɗakinsa kafin damina. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa don sun koya wa mutane su ce dukiyarsu ta Allah ce, su bar iyaye da yunwa (Markus 7:9-13). Wanda ya ƙi tsafin mahaifinsa ya kuma ƙi ciyar da shi, ya ba tsohon hujjar cewa addinin nan raba gida yake yi. Haka shawarar take ga wanda iyayensa Musulmi ne.

Fasto ya ce wanda ya yi masa gardama ya yi wa Allah. Haka ne?

A'a. Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi biyayya ga shugabanninmu don za su ba da lissafin rayukanmu, kuma ikilisiyar da kowa sarkin kansa ne ba ta zuwa ko'ina. Amma Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su yi wa garken mulkin danniya (1 Bitrus 5:3). An yabi mutanen Biriya don kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). In an bincika Bulus, wane ne ba za a bincika ba?

A yi hattara da mai cewa Allah ya nuna masa ki kawo kuɗin makarantar yaranki a matsayin "iri", ko ka daina shan maganin da likita ya rubuta, ko ki zo addu'a ɗakinsa ke kaɗai da dare. Irin wannan a kai maganarsa gaban dattawa.

Mama ce ke tambaya: miji yana dukana, ana ce mini in yi biyayya.

Mama, ayar da ake karanta miki, Afisawa 5:22, tana tsakanin wasu biyu. Ta 21 ta ce masu bi su yi wa juna biyayya, ta 25 ta ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Mai dukan matarsa shi ne ya fara karya umarnin Allah, shi ya kamata dattawa su kira. In ranki yana cikin haɗari ki nemi mafaka, ba zunubi ba ne. Kuma biyayyar aure ba ta kai ga tarayya cikin mugunta ba. Safiratu ta goyi bayan ƙaryar mijinta ta mutu tare da shi, Abigel kuwa ta yi abin da mijinta Nabal bai so ba, ta ceci gidan gaba ɗaya (1 Sama'ila 25).

In na yi biyayya, Allah zai buɗa mini in yi arziki?

Akwai albarka cikin biyayya, kuma wata a fili take. Wanda ya bar burkutu da caca da neman mata, kuɗi zai zauna a hannunsa, gidansa zai yi sanyi. Maimaitawar Shari'a 28 ta jera albarkun da aka yi wa Isra'ila alkawari. Amma wanda ya mai da wannan ciniki, in ba ka biyayya ka ba ni mota, ya koma ɗan ƙwadago.

Ayuba ba shi da na biyu wajen tsoron Allah, ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, sakamakon farko da ya gani kurkuku ne. Ibraniyawa 11 ta fara da waɗanda suka ci nasara, ta ƙare da waɗanda aka jejjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki. Dukansu an yaba bangaskiyarsu. Abokan Daniyel sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunkin ba (Daniyel 3:17-18). Wannan "ko bai cece mu ba" shi ne abin da wa'azin arziki ba ya iya furtawa. Yesu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon, ya ce amma nufin Uban za a bi, ya yi biyayya har mutuwa ta gicciye (Filibiyawa 2:8).

Mutanen Tokombere suna da nasu misalin. Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa fada na Katolika a 1935. Yana da babbar ikilisiya a unguwar New Bell ta Duwala, ya bar ta, ya zo arewa a 1959 yana da shekara fiye da 50, ya zauna a Tokombere. Ya yi ta hawa duwatsu ba takalmi, yana zama da mutanen da wasu ke raina wa, yana matsa wa iyaye su sa yara a makaranta, har rasuwarsa a 1975. Bai bar gida ko garke ba. A 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Ko kai ba ɗan Katolika ba ne, da wuya ka ce mutumin nan ya yi asara.

Sun ƙone garinmu, sun kashe mijina. Yanzu a ce dole in yafe?

'Yar'uwa, wanda bai ɗanɗana ba ya kamata ya yi magana a hankali, ni ma haka zan yi. Umarnin yana nan, ba zan ɓoye shi ba: Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a (Matiyu 5:44). Istifanas ya yi haka ana cikin jifansa. Amma gafara ba ta nufin abin da aka yi ba komai ba ne, ba ta hana hukuma hukunta mai laifi, ba ta kuma tilasta miki zama kusa da wanda kike tsoro. Abin da Romawa 12:19 ta nema shi ne ki bar ramako a hannun Allah.

Ba a yin wannan rana ɗaya. Zabura 13 da 88 cike suke da kuka, kuma suna cikin Littafin, wato Allah bai hana a kawo masa ɗacin rai ba. In yau abin da kike iyawa shi ne ki hana 'ya'yanki rantsuwar ɗaukar fansa, kin fara.

Yaya zan gane Allah ne yake magana, ba zuciyata ba? Ina yawan mafarki.

Allah ba ya musun abin da ya riga ya faɗa. Mafarkin da ya ce ka saki matarka ko ka zargi tsohuwar maƙwabciyarka da maita, ba daga wurinsa ya fito ba. In abin ba shi da aya kai tsaye, kamar ƙaura zuwa Njamena ko zaɓen sana'a, yi addu'a, nemi shawarar masu bi da suka manyanta, kada ka yi gaggawa.

Na sha tuba ina komawa. Akwai sauran amfani?

Akwai. Yunusa an aike shi Nineba ya shiga jirgin Tarshish, duk da haka maganar Ubangiji ta zo masa karo na biyu. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa tumakinsa (Yahaya 21). A misalin 'ya'ya biyu, wanda ya ce ba zai je gona ba amma daga baya ya je, shi ne ya yi nufin mahaifinsa (Matiyu 21:28-31). In mun furta zunubanmu zai gafarta (1 Yahaya 1:9), kuma ƙarfin bin ma daga gare shi yake, don ya yi alkawarin sabuwar zuciya da Ruhunsa (Ezekiyel 36:26-27).

Sai dai tuba tana da ƙafa. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. In bashi ne, fara biya ko da kaɗan-kaɗan. In mashaya ce, sauya hanyar komawa gida. Kuma ka samu mutum ɗaya amintacce da zai riƙa tambayarka, don zunubin da ba wanda ya sani ya fi saurin dawowa.

Ni ban yi makaranta ba, ban iya karatu ba. Yaya zan bi abin da ban karanta ba?

Yawancin masu bi na farko ma ji suka yi, ana karanta musu wasiƙun manzanni a taro (Kolosiyawa 4:16), kuma Yesu ya sa albarka ga masu jin maganar Allah suna kiyaye ta (Luka 11:28). Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu kuma akwai shi da murya, ana sa shi a katin waya a saurara ko ba intanet. Ki sa jikanki ya karanta miki sura ɗaya da yamma, ku fara da Markus don ita ce gajeriya cikin Bisharu huɗu, sura 16 ce kawai. Inda ba ki gane ba ki tsayar da shi ya maimaita, in har yanzu bai fito ba ki riƙe tambayar ki kawo ta zumuntar mata.